Daga Zangon Yamai Zuwa Gana: A Sayar Da Kaya, A Kuma Buɗe Ido



Kowace shekara, idan aka cire albasa a Galmi da Madawa da Tamaske, manyan motoci sukan kama hanyar Kurmi. Idan Sallar Layya ta matso, raguna su ma su bi sahu. Wasu motocin su nufi Abijan, wasu Lome, wasu Kumasi da Ankara, babban birnin Gana. A cikin motocin nan akwai ƴaƴanmu da ƙannenmu. Wani kayansa ne ya raka. Wani kuma ƙungiyar garinsu ce ta aike shi.

Idan suka komo, tambayi ɗaya daga cikinsu: me ka gani a can? Sau da yawa amsar ba ta wuce tasha da kasuwa da ɗakin mai masauki. Mutum ya yi tafiyar da ta fi kilomita 1,000. Bai ga teku ba. Bai ga itacen goro ba, alhali kullum goro yana bakinsa. Ya biya kuɗin mota, ya sha wahalar hanya, amma rabin ribar tafiyar ya baro ta a can.

A wannan wata ga maganarmu: wanda aiki ya kai wata ƙasa, ya gama aikinsa tukuna, sannan ya ware kwana biyu ya huta, ya buɗe ido. Za mu faɗi amfanin haka. Za mu kuma faɗi yadda ake yi ba tare da an taɓa uwar kuɗi ba.

ZANGO GIDAN BAƘO NE

Mu fara daga Zango. Zango tsohuwar unguwa ce a tsakiyar birnin Yamai, ba ta da nisa da kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke ce wa Isa. Fatake Hausawa ne suka raya ta. A 1926 aka maido babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai. Gari ya yi ta girma, baƙi suka yi ta zuwa, Zango kuwa ta zama masaukinsu.

Kowa ya san ma'anar sunan. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya, a shayar da jakuna, a kwana. A zamanin kakanninmu fatake sukan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato su tafi Gwanja sayen goro. Babbar kasuwarsu ita ce Salaga. Sukan kai kanwa da fatu da tufafi da gabu, su komo da goro. Tafiyar watanni ce a ƙafa. Duk inda suka saba yada zango, sai wasu su zauna, su yi aure, wurin ya zama unguwa.

Shi ya sa yau akwai Zango a Lome, akwai a Kwatanu, akwai a Kumasi. A Ankara akwai Sabon Zango, wanda Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20. A duk wuraren nan ana jin Hausa. Akwai masallaci, akwai mai tuwo, akwai mai gida da zai sauke ka, ya haɗa ka da dillali. Wannan babbar sa'a ce gare mu. Bature idan ya je yawon buɗe ido sai ya biya otel, ya biya tafinta, ya biya ɗan rakiya. Kai kuwa ga masauki, ga mai jin harshenka. Abin da ya rage maka kawai shi ne ka ce: mai gida, a ba ni yaro ya nuna mini gari.

MUTUM UKU DAGA AYORU

Haɗa neman kuɗi da kallon duniya ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. A 1954 wani Bafaranshe mai ɗaukar silima, Jean Rouch, ya bi wasu ƴan Nijar uku da na'urarsa. Su ne Damure Zika, da Lam Ibrahim Dia makiyayi, da Illo Gaudel masunci. Sun tashi daga kasuwar Ayoru suka nufi Gwalkwas, wato Gana ta yau. Sun ratsa Dahome, wadda yanzu ake kira Benin. Sun ga mutanen da al'adunsu suka bambanta da namu. Sun isa bakin teku, suka tsaya suna kallon ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Bayan haka suka nemi aiki a Ankara da Kumasi. Da damina ta matso suka komo gida da tsaraba da labari.

Sunan silimar Jaguar, an fito da ita a 1967. Kuɗin da suka samo sun ƙare da wuri, don tsaraba aka raba wa dangi. Labarin abin da suka gani kuwa har yau ana kallonsa a ƙasashen duniya.

ABIN DA IDO KE KAWOWA GIDA

Wani zai ce kallo aikin marasa aikin yi ne. To, ga labari biyu.

Na farko daga Gana. Akwai wani maƙeri mai suna Tetteh Quarshie. Aikin ƙira ya kai shi wani tsibiri cikin teku da ake kira Fernando Po. A can ya ga gonakin koko. Da zai komo gida ya taho da iri. A 1879 ya shuka shi a garin Mampong. Maƙwabta suka gani, suka nemi iri, noman ya bazu. Yau Gana tana cikin ƙasashen da suka fi noman koko a duniya. Gonarsa tana nan, baƙi suna zuwa ganinta.

Na biyu daga Adar. A 1989 aka kai manoma 13 na yankin Illela ziyara a Yatenga, cikin Burkina Faso. Suka ga yadda mutanen can ke gina ramuka a kan fako, su zuba taki a ciki, ruwan sama ya taru, hatsi ya fito a inda ko ciyawa ba ta fitowa. A can suna ce masa zai. Da manomanmu suka komo, sai suka gyara tassarsu a kan abin da suka gani. Maƙwabta suka kwaikwaya. Cikin ƴan shekaru aka farfaɗo da dubban eka na fako a jahar Tawa.

Da maƙerin nan ya tsaya bakin maƙera kawai, da bai ga koko ba. Da manoman nan sun zauna cikin mota, da ba su ga ramukan ba. Gaskiyar masu iya magana: gani ya kori ji.

Kuma ko ba a samo wata dabara ba, hutu kansa riba ne. Wanda ya yi kwanaki a kan hanya, ya yi kwanaki yana ciniki cikin rana da hayaniya, jikinsa yana bin sa bashi. Gara ya biya bashin nan a bakin teku da ya biya shi a gadon likita.

MATAFIYA IRI UKU

Mu ɗauki misali. Mutum uku suka tashi daga Zangon Yamai, kowa da buhunan albasa, suka sauka Kumasi.

Na farko tsoro ya kama shi. Dare da rana yana kan buhu. Da aka sayar, ya ƙulle kuɗi a lalita, ya hau motar farko. Ya tsira da kuɗinsa, amma bai ƙaru da komai ba.

Na biyu tun ranar da ya sauka gari ya ɗauke masa hankali. Ya bar kaya hannun dillali, ya tafi yawo. Ya karɓi kuɗin ci daga mai gida, ya ce a cire idan an sayar. Albasa kuwa ba ta jira. Ƙasar can da danshi, kwana kaɗan sai ta fara ruɓa. Da aka zo lissafi, ga la'ada, ga bashi, ga ruɓaɓɓiya. Ya komo gida yana kame-kame. Ƙungiya ba ta sake aikensa ba.

Na uku ya tsaya kan kayansa har aka sayar da buhu na ƙarshe. Ya yi lissafi da mai gida a gaban shaidu. Ya aika da kuɗin gida ta kamfanin aika kuɗi, ya riƙe takardar. Ya bar kuɗin mota da ɗan guzuri a aljihu. Sannan ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, ya yi kwana biyu yana kallon gari da kwanciyar rai.

Na ukun nan muke so ku zama.

KWANA BIYU A KUMASI

Kumasi birnin Asante ne, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa. Ga abin da mutum zai iya gani cikin kwana biyu.

Rana ta farko, ka shiga kasuwar Kejetiya. Tana cikin kasuwannin da suka fi girma a Afirka ta Yamma. Kada ka tsaya a layin albasa. Ka zaga ka ga yadda matan can ke riƙe da ciniki, kowane kaya da shugabarsa. Ka duba irin albasar da mai saye ke fara ɗauka, da wadda ake turewa gefe. Nan za ka gane dalilin da ya sa malaman gona ke cewa a tsaida ban ruwa kafin a cire albasa, a bar ta ta sha iska, kuma kada a cika mata takin zamani.

Da yamma ka je fadar Manshiya. An gina tsohuwar fadar a 1925. A 1995 aka mai da ita gidan tarihi. A ciki akwai kujerun sarauta da tambura da hotunan sarakunan da suka wuce. Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na 2, ya hau gado a 1999. Kowane mako 6, ranar Lahadi, ana yin bikin da suke kira Akwasidae. Sarki yakan zauna a fili cikin ado na zinariya, hakimai su kawo gaisuwa. Baƙo yana iya tsayawa ya yi kallo cikin ladabi.

Rana ta biyu, ka fita bayan gari. Kamar kilomita 30 daga Kumasi akwai tafkin Bosomtwe, duwatsu sun kewaye shi. Masana sun ce wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama tun zamanin da, ya haƙa ramin. A al'adar masuntan wurin, a kan katako suke zama su kama kifi, ba a cikin jirgi ba. A kan hanya ka roƙi ɗan rakiya ya tsaya da kai a wata gona. Ka ga itacen koko, ƴaƴansa a jikin gindi suke fitowa. Ka ga itacen goro, ka ga yadda ake fasa kwanso a fitar da ƴaƴan. Daga ranar ba za ka ƙara mamakin tsadar goro ba.

Makiyayi kuma ya lura da shanun kudu. Zai ga wasu gajeru masu ƙananan ƙahoni. Ba su kai namu nono ba, amma suna jure cizon tsando da ciwon sammore. Wannan zai nuna masa abin da ya sa shanunmu ke ramewa idan sun daɗe a Kurmi.

IDAN ANKARA CE

Daga Kumasi zuwa Ankara kamar kilomita 250 ne. A 2021 aka tashi kasuwar albasa daga Agbogbloshie, cikin gari, aka mai da ita Ajen Kotoku a bayan gari. Masu dabbobi kuwa sun san kasuwar Tulaku a Ashaiman, kusa da Tema.

Abu na farko a Ankara shi ne teku. Ka je da sassafe, lokacin da masunta ke jawo taru. Ka ɗanɗana ruwan ka ji gishiri. Amma kada ka shiga. Igiyar teku tana da ƙarfi, tana janye ko gwanin iyo. Iyon tafki daban, na teku daban.

Ka je Tema ka hango tashar jiragen ruwa, wadda aka buɗe a 1962. Ka yi sallar Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke unguwar Kanda, wanda aka buɗe a 2021. Ka zaga Nima da Sabon Zango, ka gaida dattawa. Za ka tarar da jikokin mutanen ƙasarmu da ba su taɓa ganin Nijar ba, amma Hausa a bakinsu.

Mai sauran guzuri ya ƙara kwana ɗaya ya je Akosombo. A can aka datse kogin Volta. Shugaba Kwame Nkrumah ya buɗe madatsar a watan Janairu 1966. Ruwan da ya taru a bayanta ya zama ɗaya daga cikin manyan tafkunan da ɗan Adam ya yi a duniya. Da ƙarfin ruwan ake samar da wutar lantarki.

LISSAFI DA AMANA

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi. Kuɗin kallo daga riba ake cire su, ribar ma taka ta kanka.

Tun a gida ka yanka abin da za ka kashe. Misali, idan ribarka jika 100 ce, ka ware jika 10, wato kashi 1 cikin 10. Idan sun ƙare, kallo ya ƙare. Idan kasuwa ta faɗi ba a sami riba ba, ka je inda ba a biya. Kasuwa da masallaci ba su da kuɗin shiga.

Idan ƙungiya ce ta aike ka, kuɗin da ke hannunka amana ne. A ciki akwai gumin gwauruwa, akwai na tsoho wanda ya yi wata huɗu yana ban ruwa. Kafin ka tashi, ka faɗa a gaban taro cewa za ka ƙara kwana biyu, kuma daga aljihunka. Ka sami littafi ka raba shafi biyu. Gefe ɗaya kuɗin ƙungiya: mota, duwan, ƴan dako, la'ada. Gefe ɗaya kuɗinka: abinci, kallo, tsaraba. Ga amfanin karatun da kuka yi. Wanda ya iya rubutu ba ya rantsuwa a gaban taro, littafi yake buɗewa.

Ka kuma lura da lokaci. A Kumasi ruwa yakan sauka tun watan Maris ko Afrilu, kafin namu. Idan ka ga hadari a can, ka tuna gonarka tana jiran shara da taki. Kwana biyu muka ce, ba wata biyu ba. Wanda ruwan shuka ya sauka ba ya gida, kallonsa ya yi tsada.

TAKARDU DA LAFIYA

Kada ka ƙetare iyaka ba takarda. Dattawan Zango suna tune da 1969. A watan Nuwamba na shekarar, gwamnatin Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fita. Mutanenmu da yawa sun baro dukiyarsu. A 1983 aka yi irin haka a Najeriya. Saboda haka ka riƙe katin ɗan ƙasa ko fasfo wanda bai mutu ba. Ka riƙe katin allurar rigakafin shawara, ana tambayarsa a iyaka. Masu dabbobi su riƙe takardar malamin dabbobi.

A 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar CEDEAO. Dokokin iyaka suna iya sauyawa. Kafin ka ɗaura kaya, ka tambayi hukuma irin takardar da ake nema. Ka tambayi direbobi da shugabannin tasha halin da hanya ke ciki, don akwai wuraren da ba lafiya. Inda aka ce kada a bi, kada ka bi. Inda aka ce a jira rakiya, ka jira.

Kuɗin Gana sidi ne, ba sefa ba. Ka yi canji a wurin da mai gida ya sani, ka ƙirga a gabansa. Sauro ya yi yawa a Kurmi, ka tafi da gidan sauro. Kada ka hau saman kaya. Kada ka karɓi saƙon da ba ka ga cikinsa ba. Kada ka ɗauki hoton soja ko barikinsu ko gada da salularka. Idan ka shiga fada ko wurin ibadar wasu, ka bi abin da aka ce maka. Baƙo idonsa ke aiki, bakinsa kuwa gaisuwa da godiya.

A FARA DAGA YAMAI

Wanda bai taɓa fita waje ba yana iya gwada wannan dabara a Yamai. Idan ka kawo dabbobi Turaku, ko ka kawo kaya Katako, ka sauka a Zango, to, ka ware yini ɗaya.

Daga Zango da ƙafa ake zuwa gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda mutanen gari ke ce wa Muze. An buɗe shi a 1959. A ciki akwai zaki da kura da dorina. Akwai ƙasusuwan wasu manya-manyan dabbobin zamanin da, waɗanda aka tono a Gadufawa, jahar Agadas. Akwai itacen Tenere, wanda ya daɗe tsaye shi kaɗai a tsakiyar hamada yana nuna wa ayarin gishiri hanya, har mota ta buge shi a 1973. Akwai maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban jama'a. Da la'asar ka gangara gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ka ga faɗin kogi da lambunan bakinsa. Ƴan kasuwar Najeriya da Gana da ke sauka a Zango sukan je su ga waɗannan abubuwa. Bai kamata baƙo ya fi ɗan gida sanin gida ba.

TSARABAR DA BA TA ƘAREWA

Idan ka komo, za ka raba goro da sabulu da turmin zane. Kafin wata ya mutu sun ƙare. To, ka ƙara da wata tsarabar. Kowane dare a can, ka rubuta layi uku a littafinka: abin da na gani, abin da ya ba ni mamaki, abin da za mu iya gwadawa a garinmu. Ranar da aka taru a makarantar yaƙi da jahilci, ko a ƙofar mai gari, ka karanta wa jama'a. Mata su ji, yara su ji. Mutum ɗaya ya yi tafiya, gari duka ya ƙaru.

Ku karanta wannan shafi ga ƴan uwanku da ke shirin tafiya bana. Wanda ya je ya komo, ya rubuto mana abin da ya gani, mu buga don sauran garuruwa su amfana.

Allah ya kai ku lafiya, ya maido ku lafiya, ya ba mu damina mai albarka.